Idon Baba Gariba

Kafin motar farko ta bar Nima,
kafin yaron mota ya buɗe maƙogwaro,
ina Dzorwulu, ƙarƙashin turakun lantarki,
raɓa ta jiƙa mini bakin zane.
Wayoyi a sama suna ƙugi kamar zuma cikin amya.
A ƙasa, kunya goma sha bakwai ta masara,
komi shida na latas,
da albasar nan da ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Tun da yana ta rufe wa Baba ido
ni ce idonsa.
Yakan zauna kan bulo, gindin dogonyaro,
sanda tsakanin gwiwoyi,
ya ce, Larai, shiga ki gaya mini.

Na ce masa gona ta yi kyau.
Ya ce, wannan zancen mai wucewa ne a mota.
Ganye nawa?
Na durƙusa na ƙirga. Bakwai, na takwas yana leƙowa.
Ranar Laraba nawa ne?
Shida.
To, tana tafiya. Ta kai miki ina?
Ta wuce gwiwa da yatsa uku.
Ya gyaɗa kai kamar an ba shi labarin jika.

Ruwan farko ya sauka daren Lahadi,
kuma ba mu kaɗai ya tasa ba.
Jiji ta ɓullo tsakanin kunyoyi, tsini-tsini,
harƙiya tana rarrafe daga bakin kwata.
Jiji, in ka tsinke kanta dariya take yi,
gidanta yana can ƙasa, ƙwaya bayan ƙwaya.
Baba ya ce a bi ta da haƙuri da bakin fartanya,
kamar mai bin bashi a gidan dangi.

A kunya ta tara na tsaya.
Ganye ya yi huji a jere,
kamar an naɗe shi an soka allura.
Na buɗe ƙoƙon tsakiya,
ga gari-gari, ɗanye, kalar dusa.
Tana ciki.
Ta lanƙwashe tana barcin ƙoshi,
tsutsar da ba ta yi shuka da mu ba.
Na murje ta tsakanin yatsu, ban ce komai ba.
Baba ya ji shirun.
Guda nawa, cikin ashirin?
Uku.
Uku ba ta kai a kira Mumuni da tankin feshi ba.
Toka da yashi, a zuba a ƙoƙo.
Jibi mu sake ƙirgawa.

Latas kuma gindinsa ya fara laushi a komi na biyu,
inda ruwa ke kwana.
Anti Adoley za ta zo ranar Asabar da kwandonta,
ita ma tana juya ganye,
ba a sayar mata da ruɓa a ɓoye.
Na tuge huɗu na kai nesa da sauran.

Duk na rubuta a bayan littafin lissafin ƙanena,
kwanan wata, kunya, abin da na gani.
Shafin jiya ruwa ya taɓa shi, tawada ta baje.

Rana ta hau kan gine-ginen da ke matso mu kowace shekara.
Na ce, Baba, na gama.
Ya miƙo hannu. Kai ni ta ƙarshe, ta wajen titin jirgi.
Na riƙe shi muka shiga,
masara tana goga mana ƙafa.
Ya kama ganye ɗaya, ya bi bayansa da babban yatsa,
a hankali, kamar mai laluben jijiya.
Ya tsaya.

Nan fa?

Na sunkuya.
Ƙwai ne, tari guda, lulluɓe da gashi-gashi,
bai fi ƙwayar wake ba.
Sau biyu na wuce ta nan da idona biyu.

Bai yi faɗa ba.
Ya kankare su da farce, ya shafe a rigarsa,
ya ce, gobe ki fara daga wannan gefen.