Kwana Tara a Baltimore

Na ce musu ni ɗan Sakkwato ne,
rana ta gama gasa ni tun ina goye,
me ya rage da za ku nuna mini?
Wilmer, wanda muke shafa kwalta tare a rufin gidaje,
bai ce uffan ba.
Tawul ya miƙo mini.

Zafin garinmu ɗan halak ne:
ya mare ka a fili,
ka ruga gindin darbejiya, ya ƙyale ka.
Na nan bai san inuwa ba.
Kamar mai bin bashi,
ya bi ka bas, ya bi ka banɗaki,
ya riga ka kwanciya a katifa.

Iska ta zama tururin madambaci.
Gumi ya fito ya rasa wurin zuwa.
Wankin da na shanya tun Talata
har yau ɗanye ne,
gishiri ya dunƙule a kwalba,
ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa,
burodi ya yi furfura a kwana biyu.

Uku da rabi, kullum, kamar mai alkawari,
hadari ya haɗo.
Ni da na tashi ina duban gabas,
sai ga shi ta bayan ƙeyata, daga yamma,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Shugaban aiki ya busa usur, mu sauko.
Tsani yana ƙona tafin hannu.
Tsawa ta faɗo kan tashar jiragen ruwa,
motoci suka ɗauki kuka a layi,
na kama addu'a, Wilmer ya zana gicciye a ƙirji,
muna maƙale a rumfa ɗaya.

Minti ashirin.
Ba ƙamshin ƙasa, ba mai sungumi a kafaɗa,
ba yaron da ya tuɓe ya faɗa ciki.
Rana ta dawo tana huci,
titi ya tashi hayaƙi,
zafin ya yi wanka ne kawai, ya sake ɗamara.

Da dare Inna ta kira.
Sau uku ke nan sun fita roƙon ruwa,
geron fadama ma ya naɗe kunne.
Ta ce, ku fa can?
Na leƙa kwata tana haɗiye
abin da zai shayar da gonarmu har kaka.
Na ce, Inna, muna nan dai.

Rana ta tara bishiya ta faɗa kan waya,
aka ɗauke wuta.
A Amurka!
Na yi dariya ni kaɗai har da tari.
Unguwa duka ta fito kan matakalar ƙofa,
mutanen da shekara biyu ban san muryarsu ba.
Tsohuwa Loretta Gaskins, ta gida mai lamba sha huɗu,
tana fifita da maficin kwali na cocinsu,
ba zafin ne ya dame ta ba:
allurar ciwon sukarinta na cikin firij,
firij kuma ya mutu.

Wannan kam karatun da na haddace ne.
Na taka layi shida zuwa shagon da ke da janareto,
na dawo da ƙanƙara a kafaɗa tana ɗiga mini a baya,
na naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen tsumma,
na jera su a kula.
Ta ce, ɗana, a ina ka koyi wannan?
Na ce, makarantar tana da nisa.

Ta matsa mini wuri a kan dutsen.
Can wajen yamma walƙiya tana ta ƙifta ido, ba sauti.
Ta fifita kanta sau biyu,
ta fifita ni sau ɗaya.