Kashi na Ƙarshe

A shagon Doña Eulalia, can ƙasan unguwarmu a Arequipa,
akwai talabijin a kan firij
wadda sai an mare ta a gefe take magana.
Ƙarfe huɗu muke zuwa, ni da Fermín,
da kuɗin biskit ɗaya, mu raba biyu,
kada a ce mun zo kallon banza.

Zane ne mai motsi, daga wata ƙasa mai nisa,
aka ara masa harshenmu.
Akwai Nilko, mai riƙe wa ayari fitila,
matsoraci na ƙin ƙarawa,
ko inuwarsa ta yi tari sai ya shige bayan jaki.
Akwai Tarbo, mai dogon hannu da dogon baki,
wanda tun a kashin farko
ya sace murfin fitilar, ya rantse bai gani ba.

Fermín ya ce shi ne Tarbo.
Aka bar mini Nilko. Ban so ba,
amma na kasa musu,
abin da ya nuna rabon ya yi daidai.

Abin da ya sa nake ƙaunar masu zanen nan,
ba su taɓa yi mana ƙarya ba.
Nilko bai wayi gari jarumi ba.
A kashi na tamanin, kan gadar igiya,
gwiwarsa na kaɗawa kamar mazari,
da kaɗawar ya tsallaka.
Sannu sannu suka ƙara masa tsawo,
muryarsa ta buɗe,
tabon goshinsa kuwa ba su goge ba ko sau ɗaya.

Tarbo fa?
Sai da aka yi kashi ɗari da arba'in kafin ya ce na gode,
shi ma da ƙeya ya faɗa.
Ban haƙuri ya fi ƙarfin bakinsa,
sai dai ya ɗinke takalmin Nilko cikin dare
da safe ya ce aikin aljanu ne.

Dutsen Misti bai gusa ba, mu muka gusa.
Doña Eulalia ta rasu, shagon ya zama kantin magani.
Fermín ya tafi haƙar tagulla,
ni na zama mai gyaran birkin motocin haya.
Wata shekara na ranci kuɗi a hannunsa,
ba su kai na taya biyu ba.
Ya tambaya sau ɗaya, na ji haushi.
Shekara shida ke nan, ko gaisuwa.

Jiya aka saka kashi na ƙarshe.
A waya muka kalla, ni da 'yata Nayeli,
kanta a kafaɗata, tana cin gasasshiyar masara.
Na zaci za a yi yaƙi, a rushe duwatsu.
Ina!
Su biyu ne zaune a mararraba,
furfura ta fara leƙo su, man fitila ya ƙare.
Tarbo ya laluba aljihu,
ya fito da murfin nan, duk ya yi tsatsa.
Ya ce, “Ungo. Ya dame ni da nauyi.”
Nilko ya ce, “Ai na san yana wurinka.”

Nayeli ta ɗago ta dube ni.
“Baba, zane ne fa.”
Na ce man birki ne ya shiga idona.

Shekara ashirin da biyar ina ɗaukar kaina Nilko,
ashe ni ne mai abu a aljihu.

Bayan ta yi barci na nemo lambar,
na rubuta, na goge, na rubuta, na goge.
Daga ƙarshe na tura kuɗin,
da kalma biyu: ka kalla?

Har ƙarfe ɗaya shiru.
Karnuka suka gama haushi.
Sai wayar ta haska rufin ɗaki:
“Na kalla. Saura rabin biskit ɗina.”