Sifili Ɗaya

Ruwan Valdivia bai ɗauke ba tun Talata.
Ignacia Huenchullán na hawa na uku,
shayinta ya huce a gefen kwamfuta,
gabanta awon kifi ɗari biyu da sha ɗaya
daga kogi biyu, ɗaya a bayan masana'antar katako.

Kwana huɗu tana kwafar lamba da hannu.
Gwaji ya fito, ta leƙa allo, ta rubuta,
ta sake leƙawa har ido ya yi ja.

Baltasar ya shigo, laimarsa na ɗiga.
Ya ce, ke, sakamakon nan jaka ce,
bakinta kawai allo ke nuna miki.
Tambayi R sunayen aljihunanta.
Ta tambaya, suka jero:
ƙimar p, tazarar amincewa, matsakaici.
Sa alamar dala, ki zura hannu.

Layi uku ta rubuta.
Gwaji sittin suka zube a jadawali guda
kafin ya gama matse safarsa.

Sai ta tsaya cak a na sha bakwai.
Takardarta ta ce sifili ɗigo sifili huɗu.
Injin ya ce sifili ɗigo huɗu.
Sifili ɗaya, ɗan mitsitsi kamar ƙwan kifi,
kuma a kansa ta kafa babi na uku.

Ta daɗe tana kallon taga.
Sannan ta ɗauki biro,
ta ja layi a kan shafi tara, ɗaya bayan ɗaya,
ta ce masa, ɗora mana ruwan zafi,
yau sai mai gadi ya kore mu.