Kibiya a Bango

Shekara uku ina gadin wani asibiti a Farin Gada,
tambayar ɗaya ce: "Ina ake ɗibar jini?"
Sai in ce miƙe, karya kwana, bar famfo a hagunka,
famfon da aka cire tun bara.

Ran Talata wani tsoho ya sauko daga motar Mangu,
takardarsa ta jiƙe da gumin tafi.
Sau huɗu yana wuce ni.
A na biyar ya zauna kan dakali, ya tuɓe takalmi,
ya ce, "Yaro, ciwon da na zo da shi daban,
wannan na ƙafa ku kuka ba ni."

Da daddare na roƙi Cindo ragowar fenti.
Sanyin Jos na cizon yatsu, na ja kibiya a bango:
ja zuwa ɗakin jini, shuɗi zuwa magani.
Wanda bai yi boko ba na zana masa kwalba,
ta fito kamar tulu, ba komai.
Wajen haihuwa fenti ya ƙare,
na bar su da kukan jarirai, shi ma jagora ne.

Babbar nas ta ce na ɓata bango.
Tana cikin faɗa wata mata ta gifta ta gabanta,
goyo a baya, ido a kan ja,
ba ta tambayi kowa ba.

Yanzu ina zaune bakin ƙofa, ba mai kula ni.
Wani sa'in har kewar tambayar nake.