Na Uku Daga Hagu

Sau talatin da bakwai na mutu,
duka a gaban kyamara.
Ni ne barden nan na uku daga hagu,
wanda jarumin fim ke sokewa
yana dariya, yana lilo da igiyar fitila,
ni kuwa in saki garkuwa, in tafi da baya
daga kan ganuwa zuwa tarin kwalaye.
Sulkena zaren ulu ne da aka fesa wa fenti,
jinina ruwan sukari da jar kala.
Da yamma in karɓi ladana, in hau jirgin ƙasa daga Prag
da warin doki a wuyan rigata.

Ba a taɓa ganin fuskata ba.
Kwalkwali ne ya yi suna, ba Bohumil ba.

Yanzu ga ni a hawa na shida a Kladno,
ƙugu ɗaya na ƙarfe, ɗaya na haƙuri.
Dusar ƙanƙara na lasar taga,
jikata Zdislava ta zazzage kwali a kan darduma:
tubalan roba ɗari tara da 'yan kai.
"Kaka, kai ne mai hasumiya. Ni ce mai ƙofa."

Hannuna na rawa. Hannun nan
da ya riƙe linzami a tsakiyar wuta
ya kasa haɗa tubali da ɗan'uwansa.
Ta ɗora babban yatsanta kan nawa.
Ƙas! Ya zauna.
Ba ta ce komai ba, kuma na gode mata da hakan.

Yarinyar ba ta bin takardar umarni.
Dodon da aka yi don ya ƙone gari,
ta naɗa shi mai gasa burodi.
Gimbiyar da ke kulle a sama ta karɓi gatari.
Dokin sarki ya ɓace tun Talata,
muna zargin injin shara,
don haka sarki na tafe a ƙasa kamar kowa.

Barade sun fito daga leda, ba wanda ya kai ɗan yatsa,
murmushinsu iri ɗaya,
har wanda mashi ke jira.
Na ce, "Waɗannan ba su san sanyin asuba ba,
ba su san ƙaiƙayin da ke ƙarƙashin sulke ba,
can inda hannu ba ya kaiwa."
Ta ce, "Wanne ne kai?"

Na ɗauki mai baƙin kwalkwali,
na tsayar da shi a bakin ganuwa,
na uku daga hagu. Sabo turken wawa.
Na koya mata yadda ake faɗuwa:
haɓa a ƙirji, kar a waiga,
a ba iska baya, a ƙirga biyu,
a yarda da wanda ya jera kwalayen.
Na sa farce zan tunkuɗe shi.

Ta tare da tafin hannu.
"A'a. Wannan ba ya mutuwa. Mabuɗi na wurinsa."
"Ai ba haka labarin yake ba."
"Labarin wa?"

Ta cire masa kwalkwali, ta laluba cikin kwali,
ta samo farin gashin wani matsafi,
ta manna masa.
Ga shi nan, kai a waje, kowa na ganinsa.

Uwarta ta ƙwala mana kira, miyar tafarnuwa ta yi.

Cikin dare na tashi neman ruwa,
ba fitila, ba silifa,
na taka wani tubali mai ido huɗu.
Faɗuwa talatin da bakwai,
ba wadda ta taɓa sa ni ƙara irin wannan.
Na dafa bango, ƙafa ɗaya a sama,
ina dariya ƙasa-ƙasa kar in tashi gida.

Hasken titi ya kwanta kan darduma.
Yana nan inda ta bar shi, tsohon,
da mabuɗin da ya fi hannunsa girma,
bayansa ga iska,
ba kwali ko ɗaya a ƙasa,
ba wanda zai ce masa ya faɗi.