Daƙiƙa Biyar Ba Su Isa Gaisuwa Ba

Ƙarfe ɗayan dare a Garwa, zafi bai kwanta ba,
ni ma ban kwanta ba.
A ɗakin bayan ofishin tashar mota
fanka na juyawa kamar an tilasta mata,
akwatin sadarwa na ƙifta koren ido
bisa buhun gyaɗar da wani fasinja ya manta tun Talata.

Bappa Hamajam, mai motocin, ya ce da ni:
"Gobe nake son waya ta riƙa amsa kanta.
Bakin Lantana ya gaji da faɗin
motar Ngaundare ƙarfe shida take tashi."

Na rubuta adireshin uwar na'ura,
lamba, ɗigo, lamba, ɗigo,
na buɗe ƙofa ta dubu biyar da sittin,
na zaɓi ma'aunin da zai murza murya ta sirance
har ta bi ta intanet ɗinmu
yadda zare ke bi ta kafar allura.

Kiran farko, ina jin su, ba sa ji na.
Sa'a guda ina "alo, alo" da bango.
Ashe katangar tsaro ce ta bar baƙo ya shigo
ta tsare mai gida a zaure.
Kira na biyu, muryata ta dawo mini a makare,
kamar mai kiran kwalekwale daga ƙetaren Binuwai.
Na ɗaure wancan, na sassauta wannan.
Wuta ta ɗauke.
Ban adana ba.

Sai can wajen kiran assalatu
Lantana ta yi magana daga cikin akwatin:
ɗaya Faransanci, biyu Fulatanci, uku Hausa.
A Hausar akwai guntuwar dariya kan kalmar "latsa",
don akuya ta leƙo ranar da muka naɗa.
Na bar dariyar. Ba ta cin wuri.

Na ce wa Inna a Lagdo ta gwada mini lambar.
Na sa abin ji a kunne, na yi tsit.
"Barka da kira," in ji na'ura.
"Barka kadai, 'yar nan," in ji Inna.
"Ina kwana? Ina gajiya?
Yaya mutan gida? Yaya muka ji da wannan zafi?"
Daƙiƙa biyar suka cika.
"Ba mu ji zaɓinku ba."
Ƙit.

Wayar aljihuna ta yi ƙara.
"Kai Tanko, yarinyar nan 'yar gidan wa ce?
Ana gaishe ta tana juya baya?"

Na dubi allon. Lokacin jira: biyar.
Wanda ya yanke wannan lamba
bai taɓa tsayawa sayen bandar kifi wurin Inna ba,
inda sai an tambayi kowa har jinjiri
kafin a taɓa maganar farashi.
Na goge biyar, na sa ashirin da biyar.
Bappa zai ce kuɗi ne ke zuba.
Ya faɗa.
Na ƙara layi ɗaya da ba wanda ya umarce ni:
latsa sifili, mutum zai ɗauka.

Ƙarfe bakwai Lantana ta iso da fanke a takarda,
hannunta duk mai.
Na miƙa mata makirfo tun kafin ta zauna.
"Ce: lafiya lau, madalla. Ina tamu gajiyar?"
Ta ce, "Wa nake amsa wa?"
Na ce, "Duk wanda ya gaishe ki."

Motar Ngaundare ta daɗe da tashi.
Koren idon ya sake ƙiftawa,
lambar Lagdo ce.
Inna kuwa, na sani, babu inda za ta.