An Riga An Biya

Shekara talatin da ɗaya ina bayan tagar ƙarfe
a kantin jingina, can gindin tudun Valparaíso,
inda iskar teku ke shigowa da ƙarnin kifi da gishiri.
Aikina awo ne. Ba na tambayar hawaye,
sikeli nake tambaya.

Eleuterio Cárcamo ya zo wata Talata, ana yayyafi,
rigarsa na warin giyar jiya.
Ya kwance igiya daga wuyansa, ya ajiye tsohon peso na azurfa
wanda uwarsa ta huda ta rataya masa ranar baftisma.
Gumi ya cinye fuskar da ke kai.
Na ce, wannan ai ya shafe.
Ya ce, duba dai da kyau.
Na karkata shi wajen fitila:
ga hanci, ga gefen goshi,
ga hatimin wanda ya buga shi,
ya dushe, amma bai fita ba.
Na yanka masa takarda, wata shida.
Kuɗin ko gida ba su kai ba.

Kowa a bakin ruwan nan ya san abin da ya yi wa Nicanor Huenchul:
faɗa a kan taru, wuƙar fiɗar kifi,
yatsu biyu suka tafi.

Saura kwana ɗaya a kai azurfar gwanjo
Nicanor ya shigo.
Da hannun nan mai yatsu uku ya ƙirga,
uwar kuɗi da ruwanta.
Na ce, ka san kayan wane ne?
Ya ce, na sani. Ni ma an taɓa fansa ta,
kuma Wanda ya biya, raunin hannunsa ya fi nawa.
Bai ƙara ba. Ya ɗauki hularsa.

Da Eleuterio ya zo roƙon a ƙara masa mako
na tura masa azurfar ta ƙarƙashin taga.
Na ce, an riga an biya.
Ya ce, wa? Na faɗa masa.
Ban taɓa ganin fushi irin wannan ba.
Ya zazzage aljihu: 'yan canji, ƙugiya, tikitin mota,
ya ce in karɓa, in rubuta saura bashi,
zai share mini ƙofar kanti har shekara ta zagayo.
Na ce, shafinka ya rufe, ba inda zan sa kuɗinka.
Alheri ya fi bashi nauyi a wuyan mai girman kai.
Bashi ka sauke shi ka bugi ƙirji,
alheri kuwa sai ka buɗe tafi kamar jinjiri.
Ya daɗe a tsaye.
Mutane na jira a bayansa da rediyo da zobba.

Daren nan barci ya ƙaurace mini.
Na tuna fuskokin da suka bi ta tagar nan,
yadda nake yi musu kuɗi tun ba su buɗe baki ba:
wannan mashayi, waccan ɓarauniya, wancan tasa ta ƙare.
Ashe Mai ƙira ya buga kamanninsa a kan kowannensu
tun ranar da ya hura numfashi a cikin turɓaya.
Zunubi ya goga, talauci ya goga,
mu ma mun taya gogawa,
shi kuwa bai taɓa cewa ya shafe ba.
Ya sauko kantin da ƙafarsa.
Bai taya ba, bai nemi ragi ba,
ya biya a kan gicciye, da rana tsaka, a bainar jama'a,
ya karɓi abin da dama can nasa ne.

Ban san ko sun gaisa ba.
Ran Lahadi na hango su a coci, benci huɗu tsakaninsu,
ɗaya na kallon ƙasa, ɗaya na kallon taga.
Igiyar dai tana wuyan Eleuterio.

Litinin na buɗe kanti,
na goge sikeli kamar kullum.
Wata yarinya ta miƙo 'yan kunne, hannunta na rawa.
Kafin in duba zinariyar
na ɗaga kai, na dubi fuskarta.